Gwaggo Albarka da Dalmar Tsohon Rami

Akwai wani mai sayar da dalma, tun zamanin da ake kai ta kasuwa a bayan jakuna, ana ce masa Ba-Ragi. Ba sunan yanka ba ne. Kasuwa ce ta raɗa masa, don shi in ya faɗi kuɗin kaya to ya gama magana.

Ubansa ya rasu ya bar masa ramuka biyu da ake haƙo dutsen dalma, da murhun narkawa, da rumfa a kasuwa. A haƙo dutsen a farfasa, a wanke, a zuba a murhu da gawayi, a yi ta zuga har dalma ta tsiyayo kamar ruwa. Sai a tare ta a mazubi ta daskare ta zama sanda.

Sandar tsohon rami ana danna mata ɗigo ɗaya, ta sabon rami ɗigo biyu. Haka marigayi ya tsara, don in kaya ya ɓaci a san inda za a nemi laifin.

Masu saye kuwa ba sa yankewa. Masunta na so don taru ya nutse, maharba na so su zuba harsashi, masu gyara na so su liƙe ɓular bokiti.

Ranar da Ba-Ragi ya gaji rumfar, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauke dogon bencin da ubansa ya ajiye wa masu ciniki. Ya sa aka rubuta farashi a jikin katako aka rataye. In ka taya, ba ya ko ɗaga kai. Da yatsa zai nuna maka katakon.

"Ciniki aikin marasa aikin yi ne," in ji shi. "Mai so ya biya, mara so ga hanya."

A bakin rumfar nan, a kan 'yar tabarma, ƙanwar ubansa take zama. Ita ke sayen gutsattsarin dalma da suka ɓalle wajen zubi, ta yayyanka da tsohuwar wuƙa ta sayar wa masu ƙaramin ƙarfi. Ana ce mata Gwaggo Albarka, don kafin ka gama faɗin tayinka ta riga ta ce albarka.

Wani tsohon masunci ne babban abokin faɗanta. Ya zo ya tsuguna, ya ɗaga guntun dalma yana juyawa.

"Gwaggo, wannan ai ba ta da nauyi. Ko ƙuda ba za ta nutsar ba."

"To ajiye, kar ta karya maka hannu."

"Na ba ki rabin abin da kika faɗa."

"Albarka. Kifin naka rabi-rabi kake kamawa?"

Haka za su yi ta yi har rana ta juya. A cikin cinikin ta ji ruwa ya ƙaru ko ya ragu, ta ji wa ya aurar da 'ya, ta ji wane ɗan kasuwa ne sikelinsa ke sata. Ba-Ragi yana ciki yana tsaki.

"Gwaggo, a kan guntun da bai kai babban yatsa ba kin cinye hantsi guda."

"Ɗan nan, ba hantsi na cinye ba, mutum na karanta. Kai da katakonka wa kuka karanta yau?"

Ana nan sai ga wani baƙo, tsaf-tsaf da shi, yatsunsa cike da zobban azurfa. 'Yan kasuwa suka sa masa Mai Zobba. Ya duba katako, ya zaɓi sandunansa, ya biya abin da aka rubuta, aka ɗaura wa jakunansa ya tafi. Ko tari bai yi ba.

Mako ya zagayo ya dawo. Na gaba ma ya dawo. Ba-Ragi kamar ya goya shi.

"Gwaggo, kin ga mutum? Haka manya ke saye."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ruwa ba ya tsami banza."

Bayan wata biyu baƙon ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce yana son ya sayi tsohon ramin gaba ɗaya, da filin da ke kewaye da shi.

Shi kuwa tsohon ramin nan ya ishi Ba-Ragi. Ya yi zurfi, ruwa na shiga, a sha wuya kwana uku a samu abin da sabon rami ke bayarwa a wuni ɗaya. Dama yana mafarkin babban shago a bakin titi, mai ƙofa biyu. Ya faɗi kuɗi mai kauri, yana jiran mutumin ya zabura.

Mai Zobba ya ce, "Na saya."

Suka tsayar ranar kasuwa mai zuwa za a tara shaidu a tafa hannu.

Da Gwaggo ta ji, ta ajiye wuƙarta ta shiga rumfar, abin da ba ta cika yi ba.

"Ramin da yayana ya haƙa da hannunsa za ka sayar?"

"Ramin ruwa ne, Gwaggo. Kwaɗi ne ke cin amfaninsa."

"To shi baƙon kwaɗi yake kiwo? Nawa ya taya?"

"Bai taya ba. Shi ba irin mutanenki ba ne."

"Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan nan, wanda ya saya bai taya ba, akwai abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba."

Ba-Ragi ya yi dariya. "Ki ji da gutsattsarinki, Gwaggo. Wannan harkar ta fi ƙarfin tabarma."

Maganar ta sosa mata rai. Ta koma ta zauna.

Kwana biyu bayan haka zuga-zugin murhu ya yage, Ba-Ragi ya tafi dubawa, ya bar wa Gwaggo jiran rumfa. Sai ga Mai Zobba da jakunansa.

Abin nema ya samu. Gwaggo ta juya katakon farashi ya fuskanci bango. Ta jawo sanda mai ɗigo biyu.

"Baƙo, yau ni ce a kan kaya, kuma ina da sauƙin hannu. Wannan na rage maka."

"Na gode, Inna. Mai ɗigo ɗaya nake so."

"Ai duk dalma ce. Kifi ba ya karanta ɗigo."

"Na dai saba da ita."

"To mai ɗigo ɗaya ta yi tsada yau. Ninki biyu."

Ta zuba masa ido. Mutumin ya ɗan shafa gemu, ya zura hannu aljihu ya biya.

Da yake miƙo kuɗin ta lura da bayan hannunsa. Ƙananan tabon ƙuna ne birjik, irin na wanda tartsatsin wuta ya saba da shi. Hannun mai sayar wa masunta kaya ba haka yake ba. Ita ta san inda ta taɓa ganin irin wannan hannun.

Washegari da hantsi ta yanki dunƙule biyu, ɗaya daga sandar tsohon rami, ɗaya daga ta sabon, ta ƙulle a gefen mayafi. Ta nufi layin maƙera, wurin wani tsohon maƙerin azurfa da suka yi ƙuruciya a unguwa ɗaya.

"A'a, Albarka ce da kanta? In awarwaro kika zo saya, na rufe. Ba ni da ƙarfin cinikinki yau."

"Rufa min baki, tsohon banza. Duba min cikin waɗannan."

"Me za a gani a cikin dalma in ba dalma ba?"

"Da na sani da na zo wurinka?"

Maƙerin ya ɗauko wasu 'yan kasake biyu da ya yi da tokar ƙashi, irin waɗanda yake tace gurɓatacciyar azurfa a ciki. Ya sa kowane dunƙule a nasa, ya tura cikin wuta, ya yi ta zuga. Dalmar ta narke, ta yi wani kumfa rawaya, kaskon yana shanye ta a hankali kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwa.

Kaskon sabon rami ya ƙare fayau, ba komai.

Na tsohon rami kuwa, da dalmar ta gama shanyewa, sai wani ɗan abu ya yi wal a tsakiya. Fari tas, kamar ƙwayar hatsi.

Maƙerin ya ɗauke shi da awartaki, ya jefa a ruwa, ya goga a dutse. Ya daɗe yana kallo.

"Albarka, daga ina kika samo wannan?"

"Faɗa min dai mene ne."

"Azurfa ce. Kuma in ɗan dunƙulen nan ya ba da wannan, to kowace sanda azurfar da ke cikinta ta fi dalmar daraja. Shekara nawa kuna sayar wa masunta azurfa suna jefawa a ruwa?"

Gwaggo ta dafe kai, sai kuma ta fashe da dariya. "Shi ya sa tsohon masuncin nan kullum yake cewa tarunsa ya fi na kowa ƙyalli."

Ta tambayi ladan aikin. Ya faɗa. Ta taya rabi.

Ranar kasuwa ta zo. Ba-Ragi ya sha babbar riga, shaidu sun zazzauna a kan buhunan gawayi tun da babu benci. Mai Zobba ya miƙa hannu. Ba-Ragi ya miƙa nasa.

Daga bakin rumfa aka ji murya.

"Albarka."

Kowa ya waiwaya. Ba-Ragi ya haɗe rai. "Gwaggo, don Allah. Ba cinikinki ba ne."

"Tun da hannun naka a miƙe yake, buɗe shi."

Ya buɗe don kunyar mutane. Ta ɗora masa ƙwayar nan a tsakiyar tafi.

"Wannan daga dunƙulen da bai kai ƙwan kaza ba ta fito. Mai ɗigo ɗaya. Ka tambayi abokinka me ake ce mata, zobbansa sun san 'yar'uwarsu."

Shaidu suka miƙa wuya suna leƙe. Ba-Ragi ya kalli tafinsa, ya kalli zobban baƙon, ya kalli tarin sandunan da ke bayansa. A hankali ya janye hannunsa ya sa cikin riga.

Mai Zobba bai yi musu ba. Murmushi ya yi.

"Inna, ban yi ƙarya ba, ban kuma saci na kowa ba. An faɗi kuɗi na biya."

"Gaskiyarka. Kai ɗan kasuwa ne. Laifin na wanda aka biya bai tambayi dalili ba. Amma kai ma ka yi sake. Da ka taya ko sau ɗaya, da yanzu ramin naka ne."

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya. "Ranar da kika ninka min na san na shiga hannu. Na kai gida ina cizon yatsa."

"To rami dai ba na sayarwa ba ne. Amma mu ba mu iya raba azurfa da dalma ba, kai ka iya. Mu muna da rami, kai ba ka da shi. Zauna mu yi magana irin ta mutane." Ta juya wurin ɗan yayanta. "Kai kuma ina ka kai bencin ubanka?"

Da kansa ya je ya sunkuto shi daga bayan rumfa, ya kakkaɓe.

Jama'a, ciniki aka yi ranar nan wanda ya amsa sunansa. Tun hantsi har la'asar. Mai Zobba ya ce a raba azurfa biyu, Gwaggo ta ce albarka. Ya tashi ya kwance jakunansa zai tafi, ta ce ya gaida gida. Ya kai bakin titi ya dawo. Sau uku yana tashi yana dawowa. Shaidun da aka kira don tafa hannu suka zama 'yan kallo, har da masu zuga kowane ɓangare.

A ƙarshe aka tsaya: Mai Zobba zai gina murhun tacewa kusa da nasu, azurfa a kasa uku, biyu na gida, ɗaya nasa. Kuma sai ya koya wa Ba-Ragi aikin.

Da zai tafi ya ce, "Inna, kin yage ni, amma na daɗe ban ji daɗin kasuwa irin na yau ba."

"Ka dawo gobe in ƙara maka."

Da gari ya waye aka ga katakon farashi ya zama murfin buhun gawayi. Benci na nan a wurinsa, tsohon masuncin nan har ya riga kowa hawa.

Gwaggo ta shigo ɗaukar gutsattsarinta kamar kullum. Ba-Ragi ya auna, ya faɗi kuɗi. Don ta gwada shi, ta taya rabi.

Ya gyara murya kamar mai koyon sabon yare.

"Albarka, Gwaggo."

Tsohuwar ta tsaya tana kallonsa, idonta ya ɗan kawo ruwa.

"Yau na san yayana ya haihu."

Sannan ta gyara zama a kan benci ta murƙushe shi har sai da ya sallama mata a yadda ta taya.

Darasi: Kada girman kai ya hana ka sauraron mai tabarma don kai kana cikin rumfa. Ciniki ba ƙasƙanci ba ne, a nan ake sanin mutum, a nan kuma ake sanin darajar abin da ke hannunka. Ni da na riƙe shago ni kaɗai tun rasuwar maigidana, karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na haddace shi: in an biya ka ba a taya ba, kar ka yi saurin murna, sake duba kayanka. Ku tura wa duk wani Ba-Ragi da kuka sani, ko Allah zai sa ya mayar da bencinsa tun kafin ya tafa hannu.