'Yar Kyauro da Gansakukar Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ƙannena.

Ta zo mu ji ta, Yaya.

An yi wata tsuntsuwar fadama mai zaƙin murya, ana ce mata 'Yar Kyauro. Ba ta manta ranar da ta faɗo daga sheƙa tana jaririya ba. Dutse ne a ƙasa, amma sai ta ji laushi. Ashe Gansakuka ce shimfiɗe a kansa, koriya shar, kamar 'yan ƙananan hanta. Gansakuka ta ce, "Sannu, 'yar ƙanwata. Kwanta ki huta." Tun ranar suke ƙawance.

Wata shekara aka yi fari. Tsohuwar Kififiya mai rabon ruwa ta ce kowa ya zo ya faɗi danginsa da yawansu. Wanda ya kusa ƙarewa, shi za a karkata wa ruwan marmaro. Gansakuka ba ta tafiya, sai ta ce, "Ƙanwata, ki yi magana a madadina."

'Yar Kyauro ta je wurin itatuwa neman dangin Gansakuka. Suka ce, "Tana da saiwa?"

"Babu."

"Ba tamu ba ce."

Ta je wurin ciyayi. "Tana fure?"

"Babu."

"Ba tamu ba ce."

Ta je wurin kifaye. "Tana iyo?"

"Babu."

Zalɓe ya yi dariya, ya ce, "Ke mai fiffike, da mara dangi kike yawo?"

Kunya ta kama ta. Da Kififiya ta tambaye ta, sai ta ce, "Mu tsuntsayen kyauro saura kaɗan muke."

"Ƙawar taki fa?"

"Ai irinta ko'ina akwai."

Don kullum tana ganinta, ta ɗauka da yawa take. Aka karkata ruwa zuwa kyauro, dutse ya bushe.

Bayan kwana bakwai ta koma. Gansakuka ta ƙanƙance, saura kamar farce a gindin dutsen. Da ƙyar ta ce, "Kin faɗa musu ni kaɗai na rage?"

'Yar Kyauro ta sunkuyar da kai. Ta tashi, ta ɗebo ruwa a baki, ta ɗiga mata, sannan ta ɗaga murya har fadama ta ji: "Yaya, kullum da safe zan kawo miki ruwa. Duk wanda ya tambayi danginki, ni ce."

Shi ya sa har yau sai ta tsoma baki a ruwa kafin ta yi waƙa, waƙar kuma da baƙin ciki a cikinta. Wanda ya aike ku, ku faɗi gaskiyar halinsa ko ana muku dariya.

Ƙurunƙus, kan ɗan tarwaɗa.