Manomin da Ya Tone Kufai

Akwai wani manomi da ya ji labari wai mutanen dā sun binne dukiya a kufan garinsu kafin su tashi. Sai ya aro na'urar neman ƙarfe a wurin wani mai haƙar ma'adinai, ya nufi kufai. Ruwan shuka kuwa ya riga ya sauka.

Ranar farko ya tono wani guntun ƙarfe mai tsatsa. Wani ya ce bakin mashi ne, wani ya ce linzamin doki, wani ya ce ai tsohuwar hauya ce kawai. Shi ke nan, sai ya zauce. Duk inda ya taka, sai na'urar ta yi ƙara, shi kuma sai ya haƙa. Ya tone gindin kuka, ya tone bakin tsohuwar rijiya, bai sami ko ƙusa ba. Matarsa Rifkatu ta yi magana har bakinta ya gaji, ta ce maƙwabta sun gama shuka, gonarsu ce kaɗai fayau. Kullum amsarsa gobe. Ya zagi na'ura, ya zagi mai ita, ya ce wasu ne suka riga shi kwashewa. Abin haushi, mutum da hankalinsa.

Wata rana laka ta riƙe masa ƙafa, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe. Ya zaga kufan nan duka ba takalmi, na'ura ta yi tsit. Da ya dawo ɗaukarsu sai ta ɓarke da ƙara. Ashe takalman aiki ne masu ƙarfe a baki.

Ya koma gida ya ce wa Rifkatu ta kawo iri. Ta dube shi ta ce, "Wane iri kuma, Maigida? Geron mutane ya fara fitar da kai."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Akwai wanda duk inda ya shiga sai ya ga laifi: a gida, a kasuwa, har cikin ikilisiya. Ya yi ta tonon mutane, bai taɓa tsayawa ya binciki zuciyarsa a gaban Ubangiji ba, alhali ƙarfen yana ƙafarsa. Gonar ita ce aikin da Allah ya ba ka. Damina kuwa ba za ta jira ka gama tonon maƙwabcinka ba.