Mutumin da Ya Auna Motarsa Ba Kaya

Wannan misali daga bakin Baba Dankaka na fara jin sa, shi da yake buga mana ƙarfen sujada a ikilisiyarmu, Allah ya ba shi hutawa. Wata Lahadi da yamma ya ba ni shi a gindin mangwaro. Ni ban yi boko mai nisa ba, yadda na ji haka zan rubuta muku.

Akwai wani mutum, manomi ne, da Allah ya buɗa masa ya sayi akori-kura. Kowace ranar kasuwa yakan kwashi kayan mutanen ƙauyensu ya kai gari, da yamma ya komo da abin da suka sayo, su kuwa masu kayan sai su biyo bas. Mutumin kirki ne, ba ya wulaƙanta kowa. Aibinsa ɗaya, son tsaf-tsaf. Motar nan ko kaza ce ta hau ta, sai ya bi sawun da tsumma.

Da hadari ya soma haɗuwa a gabas, sai ya ce bari ya nemi tamfol ɗin rufe kaya. Ya wanke motar tas, ya share bayanta, ya tafi wurin wani tsoho mai ɗinkin tamfol a bakin tasha.

Tsohon ya shimfiɗa masa guda biyu. Ɗaya baƙi ne mai sheƙi, irin wanda ake yankawa daidai bakin mota, in an ja shi sai ya kwanta lif kamar zanen gado. Ɗayan kuwa yadi ne mai kauri da laushi, launin ƙasa, ga faɗi kamar za a rufe rumbu, igiyoyi na reto ta ko'ina.

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan na biyun ai bargon jaki ne. Baƙin nan za ka yanka mini."

Tsoho ya leƙa bayan motar ya ce, "Ina kayan?"

"Wane kaya?"

"Wanda za ka rufe mana. Ka kawo mini mota fes kamar za ta ɗauko amarya. Haka take yawo kullum?"

"Baba, auna kawai. Ai tsawonta ba ya canjawa."

Tsoho ya jawo baƙin tamfol ɗin. Ya auna, ya yanka, ya ɗinka masa. Kuma gaskiya ya yi kyau, har 'yan tasha suka taru suna shafawa.

To, a ƙauyen nan akwai wata gwauruwa, tsohuwa, mai ɗaki guda. Ruwan bara ya cinye gindin bangonta, har kana iya zura hannu daga waje. Ta daɗe tana haɗa ƙarfinta, ranar kasuwa ta gaba ta samu buhun siminti biyu, don a toshe mata gindin bangon kafin damina ta zauna. Ƙafarta ba ta sauri. Kafin mai baro ya iso da ita, an riga an loda masara, da takin zamani, da kwanon rufi, da keken ɗinkin wata, kaya ya yi tsiri ya wuce kan direba. Simintinta sai can a wutsiyar mota.

Mutumin ya jawo tamfol ɗinsa. Tamfol ya hau tudun kaya, ya sauko, ya tsaya. Saura taku biyu bai kai wutsiya ba. Ya ja ta baya, gaba ya buɗe. Ya ja ta gaba, baya ya buɗe. Masu masara da mai keke na tsaye a kansa, kowa yana cewa, "Direba, kada ka buɗe nawa!" Ita gwauruwar ba ta ce uffan ba, tana dai kallon sama.

Sai ya yafa wa simintin wani tsohon buhu ya ce, "Iya, kwantar da hankalinki. Za mu riga ruwan nan isa gida."

Ba su riga shi ba. A tsakiyar daji ruwa ya kece, ba rumfa, ba gari. Kuma duk ruwan da ya sauka a kan baƙin tamfol, gangarowa yake yi kamar indararo, ya zube daidai kan buhunan nan biyu.

Da ya sauke su a ƙofar gidanta, takardar ta jiƙe ta yage. Kafin gari ya waye za su zama dutse. Ya tsaya yana murza hula. Ta taɓa buhun da sandarta ta ce, "Ba komai, ɗana. Kai ma ka jiƙe. Je ka sake riga."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya loda mota har ta durƙusa, ya wuce da ita haka bakin tasha. Tsoho ya ɗaga kai ya ce, "Yawwa! Yau ka kawo motar taka. Rannan hotonta ka kawo." Suka jefa bargon jakin a kan kaya, ya rufe tudu, ya rufe wutsiya, har ya yi saura yana lilo. A ƙarƙashinsa akwai sabon siminti buhu biyu da ya saya wa gwauruwar.

Amma ya makara. Bangon ɗakinta ya rushe tun ranar Laraba. Allah ya tsare, tana wajen tuya lokacin. Ya same ta ta shimfiɗa tabarmarta a madafa. Sati uku motar nan tana jigilar yashi da bulo, ta yi buɗu-buɗu, bai ko kalli tsumma ba, sai da tsohuwa ta koma ɗaki.

Baba Dankaka ya ce ma'anar wannan misali ita ce: motar nan gidanka ce. Kayan su ne mutanen da Ubangiji ya ɗora maka. Tamfol kuwa haƙurinka ne. Mu mutane ranar da ba kaya muke auna haƙurinmu, ranar aure, ranar suna, kowa ya yi wanka ana murmushi. Sai ciwo ya zo, yara su ƙaru, aiki ya kuɓuce, haƙurin ya kasa kaiwa. Kuma ku lura da kyau, masu baki ba sa jiƙewa. Mai shiru ne ruwa yake duka. Ubangiji Yesu bai auna mu ranar da muka yi wanka ba. Da lodinmu ya gan mu, jinƙansa ya rufe mu har ya yi saura. Sai ya dube ni ya ce, in haƙurinki daidai-wa-daida ne, 'yar'uwa, bai isa ba. Kada ki ce ban faɗa miki ba.

Ni da Baba Dankaka ya gama, ban iya cewa amin ba. Matar ɗana, Tabita, ita ta faɗo mini a rai. Tana amarya na auna ta, ga sauri, ga fara'a, na ce na yi dace. Yanzu ga 'yan biyu, ga uwarta a kwance, ni kuwa kullum ina mitar tuwo ya makara, tsakar gida ba shara. Ko sau ɗaya ba ta taɓa mayar mini da magana ba.

Washegari da sassafe na ɗaura zane, na share tsakar gida, na hura wuta. Ta fito a firgice, ɗaya a goye, ɗaya a kafaɗa.

"Mama, lafiya? Yi haƙuri, na makara."

Na ce, "Miƙo mini su duka biyun. Koma ki kwanta, sai kunu ya nuna zan tashe ki."