Gonar da Delu ta Ɗauka a Kumatu

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

A wani daji akwai tururuwai masu yankan ganye. Ba ci suke yi ba, rami suke kai shi, farar fumfuna ta tsiro a kansa kamar auduga, ita ce abincinsu.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Delu 'yar sarauniyarsu ta wayi gari da fukafukai. Uwarta ta gutsuro fumfuna ta sa mata a kumatu.

"Gonarki ke nan, 'yata. In kika buɗe baki kafin ki haƙa raminki, yunwa za ta kashe ki."

Delu ta tashi, iska na lilo da ita cikin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar a mafarki. Sai ga Fara makwaɗaiciya.

"'Yan mata, mene ne a bakinki? San mini."

Delu ta ƙara tsuke bakinta.

"Ashe ba ki da tarbiyya," in ji Fara.

Maganar ta yi mata ciwo. Da ta sauka gindin tsamiya, sai tsohuwar Hawainiya ta ce, "Maraba, jikata."

Delu ta so amsawa har ta yi ƙwalla. Sai ta matsa, ta jingina goshinta da na tsohuwar.

"Na ji, jikata. Allah ya ba da yabanya."

Nan Delu ta zubar da fukafukanta, ta haƙa rami, ta furzar da irin fumfunar, gona ta yi fari fat. Shi ya sa har yau in tururuwa biyu suka gamu, goshi suke haɗawa su wuce.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya shige rami.