Takwarar Ƙanwar Ladidi

To, ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a ƙasa. Labari zan ba ku, amma da sharaɗi: in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni kuwa in koma gefe in sha kallo.

Akwai wani masunci, sunansa Magawata, a wani tsibiri cikin kogin Kwara, can wajen Yawuri. Wata shekara ruwa ya ci musu gida, sai ya kwashi iyalinsa ya koma wani gari na tudu inda ko rafin kirki babu, ya kama sayar da bandar kifi a kasuwa. Yana da 'ya mai suna Ladidi, ta gama firamare, ga kai, ga son karatu kamar me. Ya sa ta a sakandaren 'yan mata ta garin.

A tsibirinsu kan tabarma ake karatu, ba a shiga aji da takalmi, ba a kuma wuce babba sai an durƙusa an gaishe shi har an tambayi lafiyar kogi. Saboda haka ranar farko Ladidi ta tuɓe takalmanta ta jera su a ƙofar aji, ta shiga ta zube gaban malama.

"Ina kwana, Malama? Ina gajiya? Ya mutan gida? Ya ruwa?"

'Yan mata sittin suka fashe da dariya, har da masu buga tebur. Kun dai san 'yan birni, abin dariya ba ya yi musu kaɗan. Kafin a tashi sun laƙaba mata 'Yar Kwalekwale. Sati guda tana komawa gida da kuka, har uban ya gaji da ganin hawayenta. Ya aika wa kakarta da ke bakin kogi cewa ƙarshen wata zai mayar mata da jikarta. Can kuwa makaranta a aji shida ta tsaya. In Ladidi ta koma, ita da karatu sai dai labari.

Ta farko da ta tashi tsaye ita ce Malama Hansatu, malamar ajinsu. Ran Litinin ta ga kujerar Ladidi ba kowa, ta fita nema, ta same ta a rakuɓe bayan aji ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ta zo makaranta amma ta kasa shiga. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta kamo hannunta, da suka iso ƙofa sai Malama ta tuɓe nata takalman masu tsini ta ajiye, ta shiga ba takalmi. Ta dubi yarinyar gaban kowa ta ce, "Lafiya lau, Ladidi. Ruwa da sauƙi. Ya naku kogin?" Sannan ta juya ga aji ta ce a shekararta tara tana koyarwa, ba wadda ta taɓa gaishe ta gaisuwar mutunci sai wannan. Kwana uku da yin haka, takalman mutum sittin ne jere a ƙofar, don 'yan mata ba abin da suka iya irin kwaikwayon malama mai gayu. Ladidi ta daina ɓuya, amma bakinta bai buɗe ba.

Ta biyu Malama Barira ce, mai koyar da aikin gona. Makarantar na da tafkin siminti da ake kiwon tarwaɗa, kifin kuwa kullum raguwa yake, ita kanta Malamar ta rasa dalili. Wata malamar ba za ta yarda ɗalibai su ji ta kasa ba. Ita kuwa ta kai aji bakin tafki ta ce, "Ladidi, ni abin nan ya fi ƙarfina. Zo ki duba mana." Yarinya ta tsoma hannu, ta shinshina ruwan, ta manta ana kallonta.

"Malama, ruwan ga ya gaji, abinci ya yi mai yawa. Kuma wa ya ce a haɗa manya da ƙanana? Ai manyan ke cinye su!"

Daga nan ba ta yi shiru ba sai da aka buga ƙararrawa. Malama Barira ta naɗa ta shugabar tafki, ta ba ta mataimaka shida, cikinsu har da wadda ta fara sa mata suna. Aka sake ruwa, aka raba kifi, asara ta tsaya. Ladidi ta soma ɗaga hannu a darasin lissafi, ga ƙawaye har suna rigima kan wadda za ta zauna kusa da ita. Makarantar ta shiga ranta ƙwarai.

Sai dai Magawata bai san da wannan ba. Ya riga ya yi magana, Ladidi kuwa ba tarbiyyar da za ta bar ta ta ce wa ubanta ya sake shawara. Ba ta gaya wa kowa ba, ga shi saura kwana biyar.

Nan ta uku ta shigo, Malama Suwaiba, tsohuwa mai koyar da Hausa, wadda ko darasi ɗaya ba ta yi wa ajin Ladidi. Wucewa take yi ta ji yarinyar na koya wa ƙawarta awon abincin kifi, tana cewa, "Haka za ki riƙa yi bayan na tafi." Tsohuwa ta tsaya cak, ta tambaya har ta gano komai. Ta san irin su Magawata, in ka ce musu sun yi kuskure ka ƙara ɗaure maganar. Kwana uku tana jan ƙafarta mai ciwo zuwa rumfarsa, su gaisa, su yi hirar banda, ba ta ko ambaci Ladidi ba. Ran na uku ta ce, "Malam Magawata, muna da ɗan kifi a makaranta, muna son idon masani ya gane mana shi."

Ya zo da tunanin zai koya wa malamai aiki. Sai ya tarar da 'yarsa tsaye bakin tafki, hannun riga a naɗe, tana ba 'yan mata umarni suna ta "To, Shugaba!" Tana dariya har da riƙe ciki. Daɗi ya cika mutumin nan. Ya juya ga Malama Suwaiba ya ce, "Hajiya, kin yi min wayo, na kuwa gode. Ba inda za ta."

A satin nan Allah ya sauki matarsa lafiya, aka sami 'ya mace. Magawata ya ce shi ba shi da abin da ya kai ya saka wa malaman nan, sai dai ya yi wa ɗayarsu takwara. Ya kira Ladidi ya ce ta zaɓa. Ta ce Hansatu, sai ta tuna da tafki. Ta ce Barira, sai ta tuna da ƙafar tsohuwa. Ta ce a sa duka ukun, uwarta ta ce ita dai jaririya ɗaya ta haifa.

Ga rago a ɗaure, an raba goro, gobe da safe liman zai tambayi suna. Ba don Hansatu ba, da Ladidi ba ta koma aji ba. Ba don Barira ba, da tana aji kamar baƙuwa har yau. Ba don Suwaiba ba, da duk wahalar biyun ta bi ruwa.

To, ku da kuka iya musu, wace ce cikin ukun nan ta cancanci a raɗa sunanta a kunnen jaririyar?