Malaman da Sakatare Ya Turo

Sunan garin ya kuɓuce mini, tsufa ke nan. Amma na tuna Malama Tabawa, wadda ita kaɗai ke koyarwa a makarantarsu.

Sakataren ilimi ya ce mata a gaban Ciyaman na ƙaramar hukuma, "Ko yaranki su zo na ɗaya bana, ko ki bar aiki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni kaɗai?"

"Ke kaɗai kamar yaya? Ciyaman ya san na turo miki malamai biyar."

Alhali ko ɗaya bai turo ba. Ta ce, "To madalla. In yaran suka faɗi, a tara mu mu shida gaban Ciyaman, a kore mu tare."

Sakatare ya yi tari, ya ce, "Ai Malama, jarrabawa ba ita ce ilimi ba."

Daga baya na bincika, a makarantar ta yi ritaya.