Kilo Goma Sha Biyun da Ovidio Ya Hana

Ovidio Bertone mutum ne mai son a ce da shi mai tsari. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin jirgin ƙasa, har aka rufe tashar garinmu aka bar masa mabuɗin ɗakin ajiya, ba wanda ya sake tambayarsa. Ba ya shaye-shaye, ba ya dukan mace. Aibinsa ɗaya ne. In ya kafa doka, kan wasu take hawa, shi kuwa ta gefensa take wucewa. Na san shi tun muna aji uku, ajin da na tsaya. Ni mai walda ne, Vasko ake ce mini. Ba ni da yawan magana. Wannan dai zan faɗa, don da hannuna a ciki.

Da ya yi ritaya sai ya ce shi ya gaji da kallon waken soya ta taga. Zai sayar da gida, ya sayi tsohuwar bas, a mayar da ita wurin zama, shi da matarsa Herminia su bi hanya har ƙarshen Patagoniya, can kudancin ƙasarmu, inda rana ta faɗi musu nan ne gida. Mutane da yawa suna yin haka yanzu. Herminia ba ta so da farko. Wata shida yana lallashinta, ta yarda.

Garejina ya kawo bas ɗin. Na cire kujeru, na sa gado, murhun gas, banɗaki da tankin ruwa. Na gaya masa iyakar nauyin da za ta ɗauka, na ce tsohuwa ce, kada ya wuce. Wannan maganar tawa ya riƙe ya mayar da ita bulala.

Ya samo sikelin mahauta mai ƙugiya ya rataye a itacen ɓauren tsakar gidansu. Ya ce kowa zai tafi da kaya daidai nauyin jikinsa, ba ƙari. Shi kilo ɗari da huɗu ne. Herminia hamsin da ɗaya. Da labarin ya kai kulob ɗin da muke karta, dariya aka yi ta yi. Wani ya ce ashe taliyar da Ovidio ya shekara arba'in yana ɗura wa cikinsa jari ce. Wani ya ce a gaya wa Herminia ta cika aljihu da duwatsu kafin ta hau sikeli. Ovidio ya shafa tumbi ya ce lissafi ba ya son zumunci.

Herminia ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi gardama ba. Keken ɗinkinta ta ba maƙwabciya. Kwanukan aurenta suka tafi coci. Tukunyar ƙarfen da uwarta ta zo da ita daga Italiya, ta ɗora a ƙugiya, ta ga kilo bakwai, ta sauke ta ba 'yar ƙanwarta. Hotuna ta ciro daga gilasansu ta zuba a ambulan. Ovidio yana tsaye da tabarau a kan hanci, cokali ma sai ya auna.

Abu ɗaya ta roƙa. Suna da 'ya ɗaya, Celina, sanƙarau ya ɗauke ta tana da shekara tara, ba su sake haihuwa ba. Duk ranar zagayowar haihuwarta, Herminia takan tsayar da ita jikin katakon gefen ƙofar kicin, ta ɗora wuƙa a kanta ta yi tsaga, ta rubuta shekarar. Tsaga takwas ne, daga shekara biyu zuwa tara. Katakon na kebaraco ne, icen nan ja mai nauyi kamar ƙarfe. Shi take so a ɓamɓare ta tafi da shi.

Ran nan na je gidansu gwada kabad ɗin da zan kafa a motar. Ta miƙo mini ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, ta tambaye ni a gabansa nawa katakon zai yi. Na duba na ce kilo goma sha biyu, ko ƙasa. Ta ce motar za ta ji? Na ce ko kusa.

Ovidio ya ce ba ni aka tambaya ba, alhali ni aka tambaya. Ya ce ta riga ta cika hamsin da ɗayanta, in an ɗaga ƙafa yau gobe ma sai an ɗaga.

Ta ce, "Kabarin ba zan iya ɗauka ba, tsoho. Wannan zan iya."

"Tsohuwa, ki daina. Ita ma 'yata ce ai. Katako katako ne."

Na ce to a cire a ajiye a garejina. Nan ya ce ba a taɓa gidan da aka riga aka sayar, da ƙofofinsa aka saye shi. Ya ce kuma ya yi magana da mai sayen, wani mai kantin magani daga birnin Rosariyo, ya yi masa alkawari ba zai taɓa kicin ba, duk sanda suka zagayo gari ta shiga ta gani. Herminia ta dube shi. Ta ce ya rantse da Celina. Ya rantse. Ta karɓi ƙoƙon daga hannuna ta koma ciki.

Bayan kwana biyu ya zo gareji shi kaɗai. Ya ce in yi masa akwati a ƙarƙashin daɓen motar, bayan tayoyin baya, na tankin ruwa na biyu, don a kudu akan yi tafiyar yini ba famfo. Maganar ta yi ma'ana. Na yi akwatin da falle marar kauri, daidai tankin roba. Ya ce tankin shi zai saya ya sa da kansa. Ban tambaya ba.

Ranar Litinin suka ba da mabuɗin gida. Suka koma cikin motar, ya ajiye ta a filin tsohuwar tasha, jikin ɗakin ajiya. Asabar za su tashi. Herminia kullum da safe tana maƙabarta tana gyara furanni, da rana tana sallama gida gida. Layin gidansu kaɗai ta ƙi bi, ta ce ba ta son ganin labulen wasu a tagarta.

Ranar Alhamis na je duba birki. Tun daga nesa na ga bayan motar ya zauna, kamar kare mai jiran a ba shi abinci. Na ce ya kai ta sikelin ƙungiyar manoma, inda manyan motocin hatsi ke hawa, minti biyar ne. Ya ce shi da ya auna kowane cokali da hannunsa ba ya bukatar sikelin soya. Ya ce ruwa ne ya cika tankuna. Na ce ruwa bai kai haka ba.

"Vasko, kai da ka tsaya a aji uku za ka koya mini lissafi?"

Na tattara kayan aikina na tafi. Da na durƙusa na buɗe akwatin nan, da an sami kwana ɗaya. Fushi ya hana ni. Wannan nawa laifin ne.

Asabar da hantsi rabin gari ya fito. Aka kawo musu burodi da cuku da tsiran alade, Ovidio yana karɓa yana jinjinawa a hannu yana cewa wannan ya yi nauyi, ana dariya. Limamin coci ya yayyafa wa motar ruwa. Herminia ta hau gaba da jakarta a cinya. Motoci biyar muka bi su a baya muna hon, za mu raka su bakin kwalta.

A fitar gari akwai inda hanya ta haura tsohon layin dogo. Tayoyin gaba suka hau suka sauka. Na baya suka hau. Sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Sifirin ɗin hagu, ƙarfen da ke riƙe nauyin motar, ya karye, motar ta kwanta gefe, akwatina ya daki layin ya yage kamar gwangwanin kifi.

Ba ruwa ko ɗigo. Ƙarfe ne ya zubo. Guntayen layin dogo guda shida. Kusoshin layi buhu guda. Uwar maƙera. Manyan guduma. Fitilun hannu na ma'aikatan jirgi, da allon ƙarfe mai sunan tasharmu. Daga ƙarshe ƙararrawar tagulla ta tashar ta faɗo, ta gangara kan hanya tana kaɗawa, ta tsaya a ƙafar limamin. Masu hon suka daina. Ba wanda ya yi dariya. Ni da na san ƙarfe, ido kawai na kai na san ya haura kilo ɗari shida.

Ovidio ya sauko da gudu. Bai zaga ya ga ko matarsa ta bugu ba. Ƙararrawar ya nufa, ya durƙusa yana shafa ta yana neman tsagewa.

Herminia ta sauko da kanta, goshinta na jini kaɗan. Ta tsaya tana kallon tulin. Ovidio ya ɗago ya fara cewa wannan tarihin gari ne, in ya bari 'yan gwangwan za su narkar, shekara talatin da takwas ce a kwance a nan. Ni ta juyo ta kalla. Ta ce, "Vasko, da ƙarfen ɓamɓare a motarka? Kai ni gida."

Daga waje gidan yana nan yadda yake, har da tukunyar furenta a taga. Ta tura ƙofa. Sai sararin sama. Ba rufi, ba ɗakin kwana, ba kicin. Bangon gaba kawai aka bari. Tun Laraba magina suke rushewa ta ciki, kanti za a yi. Herminia ta dafa kafaɗata.

Shugaban maginan, Don Cirilo, dattijo ne mai ladabi, ya cire hula ya gaishe ta. Na tambaye shi ko mai gidan bai ce a bar kicin ba. Ya ce kicin aka ce su fara rushewa. Ya ce ranar da aka zo da zanen kantin, Ovidio da kansa ya riƙe musu bakin tef suna awo. Na tambayi katakon ƙofa.

Fuskarsa ta saki. Ya ce a'a, wannan ice ba a samun irinsa yanzu. Jiya Juma'a ce, kuma kowa ya sani ranar Juma'a magina kan gasa nama da rana da itacen da suka samu a wurin aiki. Ya ce guda huɗu suka yanka shi da zarto, haƙarƙari kilo biyar ya gasa musu, garwashin bai mutu ba har suka tashi. Yana cikin yabon icen ya dubi fuskar Herminia, sai ya daina. Ya ce a hankali, ya ga wasu tsage-tsage da lambobi, ya ɗauka awon kafinta ne.

Ƙarƙashin ɓauren suka hura wutar, daidai inda sikeli ya rataya. Herminia ta durƙusa da rigar tafiyarta ta sa hannu cikin toka. Maginan duk suka ajiye shebur. Ta daɗe tana tonawa. Ta ciro guntu ɗaya, bai kai tsawon tafin hannu ba, gefe ɗaya gawayi, gefe ɗaya ja. Tsaga ɗaya ce a jiki. Lambar ta ƙone, ba a san ta wace shekara ba ce.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Muka koma inda motar ta kwanta. Mutane suna nan. Ovidio ya jera ƙarafansa a gefen hanya, manya gefe, ƙanana gefe. Ta shiga motar ta fito da sikelin mahautan, ta miƙa masa tare da guntun.

"Auna."

"Tsohuwa, ki saurare ni..."

"Ka rantse da sunanta. Auna ka gaya mini ko zai shiga."

Ya karɓa. Ya kasa rataya guntun a ƙugiyar. Ta jira. Da ta ga ba zai iya ba, ta zare guntun daga hannunsa ta sa a jaka, ta bar masa sikelin. Kayanta na kilo hamsin da ɗaya ko kallonsu ba ta yi ba. Motar ƙarfe biyu ta hau zuwa Rosariyo wurin ƙanwarta. Ni na kai ta tashar mota. Na ce mata ni na yi akwatin. Ta ce ta sani, waldata ce.

Shekara uku ke nan. Ya je Rosariyo sau huɗu, ba ta fito ba. Bas ɗin ni na ja ta zuwa bayan garejina, na ɗora ta kan bulo. Na ce zan gyara sifirin, ya ce in bari. A ciki yake kwana, a ciki yake dafa abinci, kamar yadda ya yi buri. Ta tagarsa waken soya ake gani. Ƙarafan ya ce in kwashe in yi abin da na ga dama. Suna nan jikin katanga, ciyawa ta rufe su. Ƙararrawar ma.

Darasin ba mai tsawo ba ne. Duk wanda zai rage kayan rayuwa, ya fara da nasa tulin kafin ya kai hannu kan na wani, kuma ya hau sikelin da ya rataya wa mutane. Abin da kake gani katako ne, wataƙila shi kaɗai ya rage wa mai shi. Kada ka yi ƙarya don a ba ka wuri, wurin za ka samu, ka zauna a ciki kai kaɗai. Kai kuma da ka ga alamar ɓarna, ka durƙusa ka duba tun da sauran lokaci, ko da an zage ka.